Tambayoyinku: Hawan Keke a Burjin Tsaunukan Aman Wuta na Filato

A 'yan watannin nan wasiƙu sun yawaita a wannan fili game da hawan keke a hanyoyin burji, musamman a ƙasa mai tuddai da duwatsun da suka taɓa yin aman wuta. Mun zaɓi wasu daga ciki mun taƙaita su, sannan muka ɗora amsoshin a kan tudun Filato, domin nan ne irin wannan ƙasa ta fi kusa da mafi yawan masu karatunmu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina yawan ganin bidiyon Turawa suna tuƙa wani irin keke mai lanƙwasasshen kai da taya mai ɗan kauri a hanyoyin da babu kwalta, suna ratsawa ta tsakanin tsaunuka masu rami a ka, waɗanda aka ce aman wuta ne ya samar da su. Shin muna da irin wannan ƙasa a Najeriya, ko sai mutum ya nemi biza? (Daga wani mai karatu a Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Biza ba ta taso ba, kuɗin mota daga Kano zuwa Jos ya wadatar. Mai yiwuwa abin da ka gani an ɗauke shi ne a tsakiyar Faransa, yamma da birnin Clermont-Ferrand, inda tsaunukan aman wuta kusan 80 suka jeru a layi ɗaya, wurin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren gado na duniya a 2018, ko kuma a Musanze ta arewacin Ruwanda, a gindin tsaunukan Virunga. Namu ba su kai waɗannan suna ba, amma suna nan, kuma hanyoyin da ke zagaye da su burji ne tsantsa.

Sai dai ya kamata ka san abin da za ka nema, domin ba kowane dutse ne a Filato ya yi aman wuta ba. Manyan duwatsun da matafiyi yake fara gani, irin su tsaunukan Shere da ke gabas da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, da dutsen Riyom mai ɗaure-ɗauren duwatsu a kan juna, duk giranit ne, wato dutsen da ya narke ya kuma daskare tun yana cikin ƙasa, daga baya ruwa da iska suka yaye abin da ke rufe da shi. Giranit ɗin da ya ba Jos kuza ya haura shekara miliyan 150 a lissafin masana ilimin ƙasa. Tsaunukan aman wuta kuwa ƙannen baya ne ƙwarai, kuma siffarsu daban take: tsayayyun tuddai ne masu zagayayyen gindi da tsukakken kai, ciyawa ta lulluɓe su, sau da yawa da rami a tsakiyar kan, wani lokacin gefe ɗaya na ramin a ɓalle ta inda narkakken dutse ya kwarara. Inda suka fi taruwa shi ne ƙaramar hukumar Mangu, daga wajen Panyam zuwa Kerang da Ampang, inda tafkin Pidong yake zaune a cikin ramin ɗaya daga cikinsu. Akwai wasu a Kassa, tsakanin Heipang da Barikin Ladi, akwai kuma a wajen Miango ta ƙaramar hukumar Bassa. Ruwan roba na Swan da ake sha a ko'ina cikin ƙasar nan daga maɓuɓɓugar Kerang yake fitowa, kuma dalilin a fili yake: ɓurɓushin aman wuta da tsattsagaggen baƙin dutse suna shanye ruwan sama, su tace shi a hankali, ya ɓullo a gindin tudu.

Abin da ya ƙara wa Filato daraja a wurin mai keke shi ne yawan hanyoyi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dukufa haƙar kuza a nan, har aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso yankin a 1914, aka rufe shi a 1957. Barikokin ma'aikata da ramukan haƙa da dama an yi musu hanyar mota. Akwai ma wuraren da narkakken dutse ya malale tsofaffin koguna masu ɗauke da kuza, har sai da masu haƙa suka huda baƙin dutsen kafin su kai gare ta. Kamfanonin sun tafi, hanyoyin suna nan, manoman dankalin Turawa da na acca da 'yan acaɓa suka gaje su. Mai keke zai iya wuni yana sauyawa daga wannan zuwa waccan bai taka kwalta ba sai wajen tsallakawa.

Ga wanda yake gabas, tudun Biu a kudancin Borno ma ƙasar aman wuta ce, da tuddai masu yawa da tafkin Tila a cikin rami, haka nan Rumsiki a tsaunukan Mandara ta ɓangaren Kamaru, sai dai yanayin tsaro a waɗannan wurare ya sa ban sanya su a sahun farko ba.

TAMBAYA: Barka da aiki. Ina da keken hawan dutse ɗan gwanjo mai giya 21 wanda nake zuwa ofis da shi. Abokaina sun ce ba zai yi wannan tafiya ba sai na sayi keken burji na musamman, ni kuwa da na ji farashinsa sai jikina ya yi sanyi. Me za ka ce? (Daga wani ma'aikaci a Zariya)

AMSA: Barka kadai, Malam. Riƙe kekenka, ka riƙe kuɗinka. Wasan tseren burji a sigarsa ta yanzu bai daɗe ba. Gasar da ta fi shahara, wadda ake yi a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, an fara ta ne a 2006 da mutum 34 a kan nisan mil 200, kimanin kilomita 320 ke nan. Hukumar tseren keke ta duniya ba ta shirya gasar duniya ta burji ba sai a 2022, a yankin Veneto na Italiya, a Afirka kuwa an soma wata babba a yankin Masai Mara na Kenya a 2021. Kekunan da kamfanoni suke ƙerawa domin waɗannan gasanni an yi su ne don gudu a doguwar hanya, kai kuwa ba gudu za ka je yi ba.

A ƙasa mai tuddai giya ce abu na farko, kuma lissafinta ba shi da wuya. Keken gargajiya irin Raleigh, mai giya ɗaya, yakan zo da haƙora wajen 44 a gaba da 18 a firiwil, don haka duk zagaye ɗaya na feda yana tura shi sama da mita 5. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan daidai ne, amma a hawan da ke ɗaga mutum mita 10 cikin kowace mita 100 ƙafa ba za ta iya juya shi ba, dole a sauka a tura. Keken burji na zamani mai haƙora 40 a gaba da 42 a baya yana tafiya mita 2 da 'yan kai a zagaye ɗaya. Naka, idan irin wanda na sani ne mai faifai uku a gaba, ƙaramin faifansa ba zai wuce haƙora 22 zuwa 28 ba, babban na baya kuma 28 zuwa 32, wato zagaye ɗaya mita 1.5 zuwa 2. Ashe ke nan a gindin tudun Kerang kekenka ba ya bayan wanda abokanka suke yabo, watakila ma ya fi shi sauƙin hawa. Abin da zai rage maka shi ne nauyi da jinkiri a miƙaƙƙiyar hanya, wannan kuwa ba abin damuwa ba ne ga mai yawon buɗe ido.

Idan akwai kuɗin kashewa, a taya za a kashe shi. Tayar gwanjo sau da yawa ta bushe tun a ajiya, gefenta ya tsattsage ko da haƙoranta suna nan, irin wannan kuwa ba ta kwana biyu a kan ɓurɓushin aman wuta. Ka nemi sabuwa mai faɗin milimita 40 zuwa 50, mai ƙananan haƙora a tsakiya da manya a gefe. Bayan taya sai birki: ka sauya robobin da wayoyin duka, kada ka yarda da cewa "ai suna kamawa", domin kamawa a titin Samaru daban, kamawa a gangarar minti goma daban. Birkin faifai ya fi na roba a cikin ruwa da laka, amma na roba mai kyau ya isa a lokacin rani. Shokazobar gaba ta keken gwanjo galibi ta riga ta mutu, nauyi kawai take ƙarawa. Idan tana girgiɗi, bakanike ya ɗaure ta ko a sauya ta da miƙaƙƙen ƙarfe. Hular kwano kuwa ba na sanya ta cikin abin da ake shawara a kai, wajibi ce.

TAMBAYA: Ni mazaunin Bukur ne, na kuma fara fita da keke ƙarshen mako zuwa wajen Kassa da Barikin Ladi. Matsalata biyu ce: faci ba ya ƙarewa, sannan a gangara tayar gaba takan zame mini ba zato. Mai facinmu ya ce in riƙa cika iska sosai, na yi, abin sai ƙaruwa yake yi. Ina kuskuren yake? (Daga wani matashi a Bukur)

AMSA: Ɗan'uwa, mai facinka ya ba ka shawarar kwalta ne, kai kuwa ka bar kwalta. Wannan tambaya ita ce ta fi kowace muhimmanci a wasiƙun wannan karo, domin a irin wannan ƙasa abin da ke ƙarƙashin taya shi ne yake yanke hukunci, fiye da tsadar keke da ƙarfin ƙafa, kuma a Filato ƙasar tana sauyawa sau da yawa cikin tafiyar awa ɗaya.

Mafi yawan hanyoyin jan burji ne na marmara. Idan ya bushe ya daddale yana da daɗin tafiya, illarsa ita ce gargada da tayoyin motoci suke yi masa, da kuma ƙananan zagayayyun tsakuwoyi da suke taruwa a gefe da kan kwana. Taya mai cike da iska ba ta lotsawa, don haka sai ta riƙa tsalle daga kan wannan tudun gargada zuwa wancan, kuma a duk lokacin da take sama babu birki, babu juya kai. Da ka rage iska za ta kwanta ta rungumi ƙasa. Ga mutum mai nauyin kilo 70 a kan taya mai faɗin milimita 40, awo 35 zuwa 40 a gejin masu faci ya isa, ta gaba ta ɗan gaza ta baya. Mai faɗin milimita 50 tana iya sauka zuwa 30 ko ƙasa da haka. Iyakar ragewar ita ce kada wili ya riƙa dukan dutse, domin idan ya daka yakan cije tiyub ya bar huji biyu a jere. Duk lokacin da ka ciro tiyub ka ga huji biyu kusa da juna, iska ce ta yi kaɗan. Idan huji ɗaya ne, ƙaya ce ko tsinin dutse, sai ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro abin kafin ka mayar, in ba haka ba sabon facin ma ba zai kai ka gida ba.

Da ka matso gindin tudun aman wuta sai launin ƙasa ya koma baƙi-baƙi ko ja mai duhu, ka fara ganin tsakuwa mai huji-huji marar nauyi. Wannan ita ce narkakken dutsen da ya fantsama sama yana kumfa ya daskare kafin ya faɗo. Tana da halaye biyu masu wahalar da mai keke. Gefenta yana da kaifi, tana yanka gefen taya inda roba ta fi siranta, kuma ba ta manne wa juna, a gangara tana mirginawa ƙarƙashin taya kamar an baza wake a kan daɓe. A nan ne tayarka ta gaba take zamewa, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana. Ka rage gudu tun keke yana miƙe, da birki biyu tare, kana matsawa kana saki, sannan ka saki na gaba kafin ka karya kwanar. Ka ɗaga daga sirdi kaɗan, ka ja jikinka baya, gwiwa da gwiwar hannu a sake, idonka a kan inda kake son zuwa. Wanda ya kafa wa dutse ido a gangara, dutsen zai je ya daka. A hawa kuwa akasin haka ne: ka zauna a sirdi, domin da ka miƙe tsaye nauyi ya bar tayar baya, sai ta riƙa juyawa a wuri ɗaya tana watsa tsakuwa.

Sai ƙasar da ta samu daga ruɓewar baƙin dutse, wadda ita ce arzikin manoman yankin. Da rani ba ta da laifi, sai dai sawun shanu da na taya da suka bushe a cikinta. Da ruwa ya taɓa ta kuwa ta zama laka mai danƙo, tana naɗewa a taya har ta cika tsakanin taya da ƙarfen keke, wili ya daina juyawa. Wanda ya dage da taka feda a wannan hali yakan karya na'urar sauya giya ta baya, kuma wannan gyara ne da ba a samunsa a ƙauye. Da ka ji keke ya yi nauyi ka sauka, ka kankare lakar da ɗan itace, ka tura ta kan ciyawar gefe, in ta ƙi ka saɓa shi a kafaɗa.

Game da ƙaya, ka lura da shingayen ƙerana da manoma suke kewaye gonaki da gidaje da su. Idan an sassabe su, rassan sukan zube a bakin hanya, don haka tsakiyar sawun babur ya fi gefe aminci. Farin ruwan da ke fita daga jikin ƙerana yana ƙona fata, yana kuma da haɗari ga ido, kada ka taɓa shi sannan ka share gumi. Taya marar tiyub, wadda ake zuba wa ruwan liƙe huji, tana maganin mafi yawan ƙananan ƙayoyi, amma sai wili ya dace da ita, ruwan kuma yana bushewa cikin 'yan watanni. Ko da ita kake tafiya, tiyub biyu da kayan faci da famfo da ɗan yankin tsohuwar taya na toshe yanka daga ciki kada su bar jakarka.

TAMBAYA: Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara? Hutuna a watan Agusta yake faɗowa. (Daga wani malamin makaranta a Katsina)

AMSA: Malam, in da hali ka jinkirta. Damina a Filato tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, Yuli da Agusta kuwa su ne tsakiyarta. Gaskiya ne a lokacin ne tuddan suka fi kyau, ko'ina kore shar, amma kuma lokacin laka ne, da tsawa a fili marar mafaka, da ƙanƙara jefi-jefi. Daga wannan tudu ne kogin Kaduna da Gongola da rafukan da ke ciyar da kogin Jama'are suke tasowa, don haka ƙoramar da ka tsallaka da safe ruwa bai kai idon sawu ba tana iya cika ta hana ka komawa da yamma, ko da a inda kake ba a yi ruwa ba. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hanya ta daddale, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai sauko ba. Disamba da Janairu hanya lafiya lau, sai dai sanyin asuba mai shiga ƙashi, da iska, da hazon da ke ɓoye tuddan da ka zo gani. Idan dole sai Agustan, ka fita da sassafe, ka tsaya a kan jan burji, ka dawo kafin hadarin yamma ya haɗu.

TAMBAYA: Shin babu fargabar waɗannan duwatsu su sake yin aman wuta? Na kuma ji labarin wani tafki a Kamaru da ya hallaka mutane da iska mai guba. (Daga wata mai karatu a Bauchi)

AMSA: Hajiya, babu wani rubutaccen tarihi da ya nuna ɗaya daga cikin tsaunukan Filato ya yi aman wuta, kuma mutane sun daɗe suna noma har a kafaɗunsu. Dutsen da yake da rai a wannan ɓangare na Afirka shi ne Dutsen Kamaru da ke kusa da teku, mai tsayin sama da mita 4,000, wanda ya yi amai a 1999 da 2000. Tafkin da kika ji labari shi ne Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, inda a daren 21 ga Agusta 1986 iskar kabon da ta taru a ƙarƙashin ruwa ta ɓalle gaba ɗaya, ta gangara cikin kwaruruka, ta kashe sama da mutum 1,700 da dubban dabbobi. Abin da ya haddasa haka shi ne zurfin tafkin, wanda ya kai wajen mita 200, da rashin gaurayuwar ruwan ƙasa da na sama, da iskar da ke shigowa daga ƙarƙashi ba tsayawa. Tafkuna uku ne aka tabbatar suna da wannan hali, wato Nyos da Monoun a Kamaru, da Kivu tsakanin Ruwanda da Kwango.

Ruwan da ya kamata mai keke ya ji tsoro a Filato shi ne na tsofaffin ramukan kuza, waɗanda suke da yawa ƙwarai daga Jos zuwa Bukur da Barikin Ladi. Suna da kyan gani, suna kuma jan hankalin wanda ya yi gumi, amma gaɓarsu a tsaye take, zurfinsu ba a gane shi daga sama, kuma sun ci rayuka da dama. Ba na wanka ba ne, ba na sha ba ne.

TAMBAYA: Ɗana ɗalibi ne a jami'a, ya ce shi da abokansa za su je yawon keke a ƙauyukan Mangu. Ni dai hankalina bai kwanta ba saboda abin da muke ji a labarai. In hana shi ne? (Daga wata uwa a Kaduna)

AMSA: Hajiya, damuwarki tana da tushe, kuma ba zan rufe ki ba. Mangu da Bokkos da Barikin Ladi da Riyom da Bassa, wato daidai inda tsaunukan nan suke, sun sha fama da rikici da hare-hare. A ƙarshen Disamba 2023 an kai hari ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi aka kashe mutane fiye da ɗari, a Janairu 2024 kuma gwamnatin jihar ta sanya dokar hana fita ta awa 24 a Mangu. Akwai lokutan da amsar ita ce a haƙura gaba ɗaya, kuma babu tudun da ya cancanci a sayar da rai dominsa. Akwai kuma lokutan da kasuwanni suke ci, makarantu suke buɗe, motocin dankali suke kai da kawo. Wanda yake Kaduna ba zai iya bambance wannan da wancan daga labaran rediyo kaɗai ba.

Saboda haka sharaɗin da zan ba ki shawarar ki gindaya masa shi ne kada su taka ko'ina sai da ɗan gari, mutumin da aka haifa a yankin, wanda yake jin harshen Mwaghavul idan Mangu za su, wanda kuma zai gaya musu a safiyar ranar cewa hanya kaza lafiya, hanya kaza a bar ta. Taswirar waya tana nuna hanya, ba ta nuna abin da ya faru a kanta jiya. Su fara da gaida mai unguwa ko dagaci su faɗi abin da ya kawo su, domin baƙi biyar da jakunkuna da wayoyi suna ɗaukar hoto a ƙauyen da ya taɓa ganin tashin hankali abin zargi ne, har sai an san su. Su tambaya kafin su hau kowane tudu ko su shiga kurmi, saboda wasu wuraren suna da alfarma a al'adar mutanen gari, matambayi kuwa ba ya ɓata. Kada su ratsa gona, ko da kunya ɗaya ce, kada su ɗauki hoton mutum ko gida ko shingen jami'an tsaro ba izini. Idan sun haɗu da garken shanu a burtali su sauka daga keke, su gaida makiyayi, su jira ya wuce, domin shanu suna firgita da abin da ya zo musu da gudu ba ƙara. Kwana a daji ko a tanti kada ya shiga shirinsu; su kwana a gari, su kasance sun dawo masauki kafin la'asar. Ki karɓi lambar wanda zai yi musu jagora, ki yi magana da shi da kanki. Idan ɗanki ya kasa kawo miki irin wannan mutum, to shirin bai nuna ba tukuna, hanawa kuma ta halatta.

TAMBAYA: Kilomita nawa ya kamata sabon shiga ya yi a rana, kuma tsayin wurin ba zai hana ni numfashi ba? (Daga wani mai karatu a Maraɗi)

AMSA: Malam, batun numfashi kada ya dame ka. Tudun Filato yana wajen mita 1,200 zuwa 1,300 daga doron teku, bambancin nauyin iska tsakaninsa da garuruwan ƙasar Hausa kuwa wajen kashi 10 cikin 100 ne. Za ka ɗan ji haki a hawan ranar farko, iyakarta ke nan. Abin da yake yaudarar baƙo shi ne sanyin wurin, wanda yake sa mutum ya manta da shan ruwa alhali busasshiyar iska tana ɗauke gumi kafin ya gan shi. Ka lissafa aƙalla rabin lita a kowace awa, ka riƙe dabino ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, ka ci tun kafin yunwa ta kama ka.

Nisa kuwa, kilomita kaɗai ba ta isa ma'auni ba, sai an haɗa da hawa. A burji sabon shiga yakan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa, sannan ya ƙara wajen minti 10 a kan kowace mita 100 da zai hau. Tafiyar kilomita 40 mai hawan mita 600 ke nan za ta ci awa huɗu, ban da hutu da faci da gaishe-gaishe, wanda ya tashi ƙarfe 7 zai dawo wajen azahar. Wannan ya isa ranar farko, ko ma kilomita 30. Ka tsara tafiyar ta yadda hawan zai zo da safe, gangarar ta zo a dawowa. Ka nisanci manyan titunan kwalta gwargwadon iko, musamman Hawan Kibo a hanyar Akwanga, inda manyan motoci suke saukowa da birki mai zafi, kuma babu gefen da mai keke zai raɓe.

Kowace yamma ka ba keken minti goma. Ƙurar aman wuta da ta marmara idan suka gaurayu da mai suna cinye sarƙa da haƙoran giya da sauri, musamman idan baƙin man inji aka lafta, kamar yadda masu gyara da yawa suke yi. Ka goge sarƙar da tsumma da ɗan kananzir, ka bar ta ta bushe, ka ɗiga siririn mai a kowace gaɓa, sannan ka share wanda ya fito waje. Ka duba robobin birki ko tsakuwa ta maƙale a ciki tana cin wili, ka juya kowace taya a hankali kana neman yanka a gefe, ka kuma matsa ƙusoshin kai da na sirdi, domin gargadar wuni ɗaya ta isa ta kwance su.